Masu Farar Gwiwa

Duk ranar Asabar, kafin 'yan matanmu su fita fili, sai na naɗe gwiwa talatin da biyu. 'Yan wasa goma sha shida ne, kuma ko mai tsaron raga ba a ɗauke mata ba. Nakan zauna a kan wani ɗan akwatin katako a cikin ɗakin canza kaya, su jeru a benci, kowacce ta zo ta ɗora min dunduniyarta a cinya. Farin bandeji ne, zagaye huɗu a ƙasan ƙoƙon gwiwa, biyu a gicciye, uku a sama, in soke bakinsa, in ce ta gaba. 'Yan kallo suna kiranmu Masu Farar Gwiwa, yaran kuwa suna jin daɗin sunan nan kamar kofi aka miƙa musu.

Mutane sun ɗauka ado ne. Ba ado ba ne, ni na sani, domin ni na ƙirƙiro shi. Shekara tara da suka wuce ni ce 'yar gaban ƙungiyar nan. Ana saura wasa biyu a gama gasa gwiwata ta dama ta fara yi min ciwo. Na ɗaure ta, sai na lura 'yan bayan abokan karawa daidai ɗaurin suke kai min sara. Na ce da abokan wasana, to kowa ta ɗaure duka biyun, mu ga wadda za su nufa. Aka yi dariya, aka ɗaure. Koci ma bai gane wacce ce mai ciwon ba, kuma in zan faɗi tsakanina da Allah, shi na fi son in ɓoye wa. A wasan ƙarshe na yi tsalle na sa kai, na dira, babu wadda ta taɓa ni, na ji wani abu ya ce ɗas a cikin gwiwar. Jijiyar da ke tsakiyarta ce ta tsinke. An yi min aiki, na yi wata huɗu da sanda, ban sake buga ƙwallo ba. Yanzu ranakun mako ina aiki a wani shagon magani, ranar Asabar in wanke riguna in naɗe gwiwoyi. Yaran da ke yin ɗaurin yanzu ba su san inda ya samo asali ba, sai dai manyansu biyu ko uku.

Mai sa lamba tara a yanzu ƙanwata ce, Auta. Shekararta goma sha shida, kuma duk wanda ya gan ni a da, in ya gan ta da ƙwallo sai ya sake kallo. Tsayinmu ɗaya, ƙugunmu ɗaya, har yadda take taka cikin ƙafa in tana gudu nawa ne. Ta fi ni sauri, ta kuma fi ni taurin kai, wanda ba ƙaramin aiki ba ne. Mama ba ta so ta yi ƙwallo ba. Ita ta zauna a gefen gadona a asibiti, ita ta riƙa tallafa ni zuwa banɗaki, don haka ranar da Auta ta kawo maganar sai da gidan ya yi kwana uku babu mai dariya. A ƙarshe ni ta kalla, ba Auta ba, ta ce, "Na yarda, amma ke ce idona a can. In wani abu ya same ta, ke zan tambaya." Na ce na ɗauka.

A bana aka ce wata babbar ƙungiya za ta turo masu zaɓen 'yan wasa su kalli wasanmu na ƙarshen wata. Yarinya biyu za su ɗauka, su sa su a makarantarsu, su riƙa horar da su. Kowa ya san ɗaya daga cikin biyun Auta ce, in dai ta buga.

An yi hutun sati biyu saboda jarrabawa. Auta ta yi shi a ɗaki, dogon wando a jikinta, littafi a hannu, har Mama tana ta sa mata albarka wai yarinya ta yi hankali. Ni ma na ji daɗi, don wauta ba ta da rana. Asabar ta farko bayan hutun, saura wasa uku ke nan har da na zaɓen, ta zo ta ɗora min ƙafar dama, na naɗe. Ta ɗora ta hagu. Ina kai hannu gabana ya faɗi.

Hannun da ya shekara biyar yana taɓa gwiwoyi ba ya buƙatar ido. Gwiwar lafiya sanyi gare ta, ta fi cinya sanyi, kuma akwai 'yan ramuka biyu a gefen ƙoƙon da yatsa ke faɗawa. Wannan da ɗumi, ramukan sun cike. Na danna ƙoƙon a hankali, na ji ya nutse ya taso kamar murfi a kan ruwa.

Na ɗaga kai. Auta tana kallon bango, wai tana karanta jadawalin wasanni da ta haddace tun bara.

"Me ya sami wannan?"

"Bugewa na yi a bene."

"Yaushe?"

"Yaya, ana jirana."

Akwai yara goma sha ɗaya a bayanta, duk sun yi tsit, irin shirun da ba na rashin magana ba ne. Kyaftin, wata doguwar 'yar baya mai ƙaramar murya, ta sunkuya tana gyara igiyar takalmin da ba ta kwance ba. Na naɗe gwiwar. Na ƙara mata zagaye biyu, na ja shi da ƙarfi fiye da na kowa. Ranar Auta ta ci biyu, ɗaya da ƙafar hagun ma, na ce wa zuciyata, kin gani, bugewa ce.

Zuciyar ba ta yarda ba. Gidanmu a hawa na huɗu yake, kuma na san takun kowa a matakala. Na Auta a da gudu ne, bibbiyu take tsallakewa, maƙwabciyarmu ta ƙasa har ta gaji da yi mata faɗa. Yanzu sai in ji taku ɗaya mai nauyi, ɗaya mai sauƙi, sai ta iso hawa na uku inda ake iya jinta sosai, sannan ta daidaita. Mama kuma ta fara mita wai ƙanƙarar firiji ƙarewa take yi ba ta san mai sha ba. Wata safiya na leƙa ta taga ina shirin fita aiki, na hango Auta tana sauka matakalar ƙofar gida ta waje. Ƙafar hagu take fara saukarwa a miƙe, ta dama ta biyo ta a kan mataki ɗaya, hannunta a kan ƙarfen dafawa. Haka na riƙa sauka shekara guda bayan aikin da aka yi min.

Asabar ta biyu babbar ƙungiyar ta turo likitarsu ta gashi, mai kula da raunin 'yan wasa, don ta ga yaran kafin ranar zaɓe. Mace ce gajeruwa, mai furfura kaɗan a goshi, ba ta da yawan fara'a, ba ta kuma da wulaƙanci. Ta zo da wani akwati mai tsayin gwiwa ta ajiye a gefen fili. Na riga na gama naɗin kafin ta iso. Ta dubi fararen gwiwoyi talatin da biyu a jere, ta dubi Koci.

"Duk ciwo suke?"

Koci ya yi dariya. Mutumin kirki ne, ba zan ci zalinsa ba, amma in dai ana cin wasa, ko kan yarinya a juye yake ba zai gani ba. Ya ce, "A'a Likita, tambarinmu ne. Da shi aka san mu."

"A kwance min su."

Yaran suka hau guna-guni. Kyaftin ta ce ba a kwancewa sai an tashi wasa. Koci ya duba agogo ya ce ƙarfe goma maza za su karɓi filin, in aka kwance aka sake naɗawa an cinye lokacin ɗumama jiki, wanda dama minti biyar muke ba shi. Likita ta ce to, a hau akwatin a haka.

Ɗaya bayan ɗaya suka riƙa hawa suna dirowa da ƙafa biyu, su sake yin tsalle, ita kuma tana ɗauka a waya. Da suka gama ta tara su ta nuna musu hoton a hankali. Tun suna dariyar fuskokin juna har dariyar ta mutu.

"Ku kalli nan," in ji ta. "Kun ga gwiwar ta faɗa ciki, tana neman 'yar'uwarta? Wannan ma. Wannan ma. Tara a cikinku haka kuke dira, ƙafa a miƙe, gwiwa a ciki. Akwai wata jijiya a tsakiyar gwiwa, ba ta kai ƙaramin yatsana kauri ba, ita ke riƙe ƙwauri kada ya zame gaba. 'Yan mata sun fi maza tsinka ta, ba kaɗan ba. Kuma yawanci ba duka ke tsinka ta ba. Dira ce, ko tsayawa farat ɗaya, ko juyawa ƙafa tana kafe a ƙasa."

Wata ƙarama ta ce, "To me ya sa mu?"

"Dalilan da yawa, wasu ma ana kan bincikensu. Yadda ƙugu ya zauna, da ƙarfin bayan cinya da ba ya kamo na gaba in ba a horar da shi ba. Wasu na ganin har kwanakin al'ada suna da hannu, ban ce tabbas ba. Waɗannan ba ku kuka zaɓa ba. Amma akwai na hannunmu." Ta sunkuya ta ɗaga ƙafar Auta ta juya takalmin. "Na maza ne wannan, dogayen haƙora, na ciyawa mai laima. Ku kuma a kan ciyawar roba kuke wasa. Ya kama ƙasa ya ƙi saki, jiki ya juya, ƙafa ba ta juya ba, wa zai biya? Sau nawa kike wasa a sati?"

Auta ta ce, "Biyar. Wani lokaci shida, har da na makaranta."

"Gajiya ma tana ciki. Sai babban cikinsu, gwiwar da ta taɓa jin ciwo ba a bar ta ta warke ba. Akwai wadda a gidansu wata ta taɓa tsinka jijiyar nan?"

Ido talatin ya juyo kaina. Na Auta ne kaɗai bai juyo ba.

Da aka fara wasa Likita ta zo ta tsaya kusa da ni a bakin layi. Ta tambaye ni yaushe aka yi min aiki, na faɗa. Ta tambaya ko ni ce mai ɗaurin, na ce ni ce. Ta ce bandejin nan ba ya riƙe jijiya, sai dai ya riƙe hankalin yarinya ta ji kamar tana da kariya. Sannan ta rage murya.

"Ni ta saman zane na gan su. Ke kin taɓa su da hannu. Akwai wadda kika ji wani abu a tata?"

A daidai lokacin Auta ta karɓi ƙwallo a ƙirji, ta yanke 'yar baya ɗaya, ta bar ta biyu a zaune, 'yan kallo suka miƙe. Na ji bakina ya ce, "Babu." Likita ta dube ni ɗan lokaci, ta gyaɗa kai, ta koma wajen Koci tana yi masa bayanin wani atisaye na minti goma sha biyar da take so a riƙa yi kafin kowane wasa. Ina jin sa yana cewa in sha Allahu, da muryar da yake cewa in sha Allahu in an ce ya gyara famfon ɗakin canza kaya.

Na ji kunyar kaina, na kuma ji haushin matar, don ta tambaye ni abin da ba na son a tambaye ni. Ranar Laraba na dawo daga aiki da la'asar, Mama ta fita kai ɗinki, na tura ƙofar ɗakinmu ban yi sallama ba. Auta tana zaune a ƙasa, wando a naɗe, ledar ƙanƙara a kan gwiwa. Ta yi wuf za ta rufe, ta ga ba amfani, ta bari.

Na ce, "Ba bugewa ba ce."

"To."

"Tana sulluɓe miki? Kina tafiya ki ji kamar ba a ƙarƙashinki take ba?"

"Wani lokaci. In kin ɗaure min ba ta yi."

"Ƙarya kike. Gobe zan kai ki asibiti a ɗauki hoton gwiwar."

"Ki kai ni ranar Lahadi. Wallahi Lahadi da kaina zan bi ki, ko aiki suka ce a yi min na yarda. Asabar ɗaya ce, Yaya. Minti casa'in."

"Ni ma minti casa'in na ce."

Sai ta ɗago, idonta ya kaɗa ya yi ja. "Ke ai kin buga naki. Kin shiga fili an gan ki, abin da ya same ki ya same ki a ciki. Ni so kike a cire ni tun a ƙofa? Shekara nawa mutanen nan ba su zo ba? In suka tafi da wasu biyu, sai in zauna in riƙa miƙo miki bandeji?"

Maganar ta sauka inda aka aika ta. Na so in kwaɗa mata mari, na so kuma in rungume ta, ban yi ko ɗaya ba. Na ce zan gaya wa Mama. Ta ce in gaya mata, amma in sani daga ranar ba ta da yaya. Ba da ihu ta faɗa ba, a hankali ta faɗa, tana gyara ledar ƙanƙarar.

Da Mama ta dawo ta tarar da mu kowa ya sha mur. Ta ce, "Ku kuma lafiya? Ko ƙwallon ce ta haɗa ku?" Na ce gajiya ce. Ta dube ni irin kallon da take yi wa ɗinkin da bai zauna ba, ta ce, "Ƙanwarki dai lafiya take ko?" Na ce lafiya lau. Sau biyu ke nan a sati ɗaya.

Abin da na yi maimakon gaskiya, dabaru ne na matsoraci. Na samo mata takalmi mai gajerun haƙora a wajen wata tsohuwar abokiyar wasana, ta gwada ta ce yana santsi, ta mayar min. Na hana ta atisayen makaranta na Alhamis, wannan ta yarda. Na ɗauko bandeji mai faɗi daga shago, wanda ya fi namu ƙarfi. Ina sane sarai cewa jijiya ba ta san da zamansa ba, amma na sa shi a jaka.

Ranar Asabar rana ta fito da wuri, ciyawar robar nan ta ɗau zafi tana warin taya. Masu zaɓen su uku ne, suna zaune a inuwar rumfa da takardu a cinya, Likita a gefensu. 'Yan kallo sun fi na kullum. Mama ba ta zo ba, ba ta taɓa zuwa ba, ta ce ita kunnenta ba zai iya jin ihun fili ba tun nawa.

A ɗakin canza kaya ba a yi waƙar da aka saba ba. Na naɗe goma sha biyar, Auta ta zo a ƙarshe. Kumburin ya ragu saboda ƙanƙara, amma ɗumin yana nan, kuma cinyar hagun ta fi ta dama sirantaka, abin da ban lura da shi ba sai ranar. Akwai gwajin da aka yi min shekara tara da suka wuce, hannu ɗaya a saman gwiwa, ɗaya a bayan ƙwauri, a ja. Na iya shi. Ƙafarta tana kan cinyata a sake, hannayena suna daidai wurin. Sati biyu ina da damar yin sa a cikin daƙiƙa biyu. Na ɗauko bandeji mai faɗin na naɗe.

"Na gode, Yaya," in ji ta, ta dafa kafaɗata ta miƙe.

Suka fita ɗumama jiki, minti biyar ɗinsu na kullum. Gudu sau biyu, 'yar miƙa, sai ba-ni-in-ba-ka. Ina tsaye a bakin layi da jakar ruwa, idona ba ya kan komai sai farar gwiwa ɗaya a cikin talatin da biyu. Kyaftin ta turo mata ƙwallo ya ɗan wuce ta ta hagu. Auta ta kafa ƙafa za ta juya. Takalmin ya kama ƙasa, jikinta ya tafi, na ga gwiwar ta karkace ciki, ƙwaurin ya yi gefe ya dawo. Ta kai hannu ƙasa, ta miƙe nan take tana dariya, tana nuna ciyawa wai santsi. Koci yana can yana gaisawa da baƙi. Masu zaɓe suna duba takarda. Ni na gani, Kyaftin ta gani, kuma na ga laɓɓan Auta sun yi fari a bayan dariyar.

Na ajiye jakar na nufi rumfa. Kyaftin ta sha gabana kamar ruwa ta zo ɗauka.

"Anti, don Allah."

"Matsa."

"Ba ma faɗa, Anti. Babu wadda ke faɗar ta wata. Ke kika fara shi, an gaya mana."

"Tun yaushe kika sani?"

Ta sunkuyar da kai. Na ratse ta na wuce. Daga bakin layi zuwa rumfar nan bai fi taku ashirin ba, amma gwiwata ta dama sai da ta tuna min da kanta a kowane taku. Na tsaya a gaban Likita, mutanen uku suka ɗago suna kallona. Na ce, "Lamba tara. Ta hagu. Wancan satin na yi miki ƙarya."

Ta miƙe ta yi wa Koci magana a kunne, ya zaro ido, ya ce amma Likita saura minti huɗu, ta ce minti ɗaya take buƙata. Aka kira Auta. Tana tahowa tana kallona, ta gane tun daga nesa. Ba ta yi gardama a gaban baƙi ba, ta wuce mu ta shiga ɗakin canza kaya, tafiyarta daidai kamar ta mai lafiya.

Likita ta ce ta kwanta a benci. Ta ce da ni, "Kwance." Na warware abin da na naɗa da hannuna, zagaye goma sha ɗaya, ya bar sawu a fatarta. Gwiwar ta riga ta fara tasowa. Likita ta fara da ta dama, ta riƙe cinya, ta ja ƙwaurin gaba, ya ɗan motsa ya tsaya cak. Ta koma ta hagu. "Saki jikinki. Saki." Ta ja. Ƙwaurin ya taho, ya ci gaba da tahowa, babu abin da ya tsayar da shi, kamar aljihun tebur da aka cire wa makari. Ta mayar, ta sake ja a hankali. Na juya na dafa bango.

"Wannan ba ta yau ba ce," in ji Likita. "Yaushe kika ji ƙarar?"

Auta tana kallon silin. "Talatar da za a tafi hutun jarrabawa. Juyawa na yi."

"Sati biyar. Wasa nawa kika buga a kanta?"

"Biyu."

Likita ta danna yatsa a gefen gwiwar ta ciki, daidai inda ƙasusuwan suka haɗu. Auta ta zabura ta yi ƙara, karo na farko da na ji ta yi kukan ciwo tun tana ƙarama.

"Sai an ɗauki hoto kafin in tabbatar," Likita ta ce, ta daina kallon Auta ta koma kallona. "Amma jijiyar ta tafi tun ranar. Da an kawo ta a satin, aiki ɗaya ne, yara da yawa suna dawowa fili bayan shekara. Abin da nake tsoro yanzu guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan ne. Duk sulluɓewar da ta yi, shi take niƙawa. Ban san abin da ya rage ba."

A waje aka busa usur, 'yan kallo suka ɗau ihu. Likita ta ce za ta je ta kira mota, ta fita ta ja ƙofar. Muka rage mu biyu, da warin man zafi da ɗigar famfo.

Na jira ta zage ni saboda na tona ta. Na shirya wa wannan, har na tanadi amsa. Sai hawaye kawai da yake gangara mata ta gefen ido yana shiga kunne. Can ta juyo da kai.

"Yaya, ranar farko da kika taɓa, kin gane?"

"Na gane."

"Kin san irin taki ce?"

Na so in ce ban tabbatar ba, kuma da na faɗa ba ƙarya ba ce gaba ɗaya. Na ce, "Na sani."

Ta dube ni, ba da fushi ba, da na fi son fushin. Muryarta ta koma irin ta lokacin da nake goya ta.

"To me ya sa kika ɗaure min?"

Wayata ta fara ruri a aljihu. Ban ciro ta ba, na san Mama ce, ta saba kira in an fara wasa ta ji ko lafiya.